Tarin fuka da ba ya jin magani: tambayoyin mutanen Damagaram da amsoshinsu

Wannan shafi na masu jinyar tarin fuka ne da iyalansu, da duk wanda ya ji ana cewa akwai wani tari da magani ba ya kama shi har hankalinsa ya tashi. Tambayoyin irin waɗanda ake yi ne a birnin Zinder da garuruwan jihar, daga Mirya zuwa Magarya, Matamaye, Tanut da Gure. Wanda ke tari a halin yanzu, karatun shafin ba zai isar masa ba, sai ya je an gwada kakinsa.

Mene ne bambancinsa da tarin fukan da muka sani?

Cuta ɗaya ce, ƙwayar cutar ma ɗaya ce, alamomin kuma ba su bambanta ba: tari fiye da sati biyu, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, wani lokaci jini a cikin kaki. Babu likitan da zai saurari ƙirji ko ya dubi hoton huhu ya ce wannan mai jin magani ne, wancan ba ya ji. Bambancin a wajen magani yake.

Maganin tarin fuka na yau da kullum wata 6 ne. Wata 2 na farko ana shan magunguna huɗu a haɗe: rifampisin, izoniyazid, pirazinamid da etambutol. Wata 4 na ƙarshe biyun farko kaɗai ake sha, domin su ne masu ƙarfin. Rifampisin shi ne wanda ke sa fitsari ya yi ja, duk wanda ya sha ya san shi. Idan ƙwayar cutar ta daina jin waɗannan biyun tare, shi ne a takardun asibitocinmu ake rubuta TB-MR. Idan rifampisin kaɗai aka tabbatar ba ta ji, sai a rubuta TB-RR, amma magani iri ɗaya ake ba su, shi ya sa ake haɗa su wajen ƙidaya.

Yaya ƙwayar cuta take daina jin magani?

A huhun mai tarin da ya yi nisa akwai ƙwayoyin cuta miliyoyi masu yawa. Cikin wannan tarin, ana samun ƴan ƙalilan da halittarsu ta ɗan sauya da kanta, wani magani ɗaya ba ya kashe su. Wajen izoniyazid, kamar ɗaya ce cikin miliyan 1. Wajen rifampisin ta fi wuya, kamar ɗaya cikin miliyan 100. Dalilin haɗa magani huɗu ke nan: wadda ta tsallake wannan, wancan ya kama ta.

Manomin wake ya san abin. Idan ya yi wa gona feshi rabi da rabi, ƙwarin da suka mutu masu rauni ne, waɗanda suka rage su ne za su hayayyafa, badi kuma maganin nan ba zai yi musu komai ba. Haka yake faruwa idan aka sha magani yau aka bari gobe, ko aka rage yawan ƙwayoyi saboda tashin zuciya, ko maganin ya yanke a gidan likita, ko aka sayi wanda ya sha rana a tebur ɗin kasuwa. An ga wannan tun farkon magani: a gwajin streptomisin da aka yi a Ingila aka fitar da sakamakonsa a 1948, marasa lafiya da yawa sun samu sauƙi, sannan ƙwayar ta daina jin maganin cikin ƴan watanni, saboda shi kaɗai aka ba su.

Ke nan laifin mara lafiya ne da ya yi wasa da magani?

A'a, kuma wannan zargin yana yin ɓarna sosai. Mutum da yawa masu wannan tari ba su taɓa shan maganin tarin fuka ba a rayuwarsu. Sun shaƙi ƙwayar ne daga wani, ta shigo jikinsu da taurin kanta. Ɗaki ɗaya da aka kwana mutum goma a wurin ci-rani, ramin haƙar zinariya, gidan kaso, ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyin hunturu: can ake ɗaukarta. Su ma waɗanda suka yanke maganin, idan aka zauna aka saurare su, sai a ji kuɗin mota ne ya gagara, ko damina ta faɗi babu mai noma gonar, ko yunwa ce ta sa maganin ke juya musu ciki. Wanda aka yi wa faɗa a gaban jama'a ba ya dawowa, kuma idan ya dawo ba zai faɗi gaskiyar maganin da ya sha a baya ba.

Yaya yawansa yake a duniya?

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, kimanin 400,000 daga cikinsu da irin wanda ba ya jin rifampisin ko magungunan biyu. Cikin sababbin kamu, kashi 3.2 cikin 100 ne. Cikin waɗanda suka taɓa shan magani a baya, kashi 16 cikin 100, wato kusan mutum ɗaya cikin shida.

Ba a raba shi daidai a duniya ba. Indiya kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka haɗa ta da Rasha, Indonesiya, Sin da Filifin, an wuce rabi. A Rasha da wasu ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne abin ya fi muni idan aka auna da yawan masu tarin.

Adadin da ya kamata ya dame mu shi ne wannan: cikin mutum 400,000 ɗin nan, kimanin 176,000 kaɗai aka sa a kan maganin da ya dace a shekarar, wato ƙasa da rabi. Sauran suna gida suna tari, ko suna shan maganin wata 6 da ba zai warkar da su ba.

To a Nijar fa, musamman nan Damagaram?

Ƙiyasin OMS na shekarun baya-bayan nan ya nuna kusan mutum 80 cikin kowane 100,000 ne ke kamuwa da tarin fuka a Nijar duk shekara. Ƙasar ba ta cikin jerin ƙasashe 30 da OMS ta ce wanda ba ya jin magani ya fi yi wa nauyi. Mafi yawan masu tarin fuka a nan, maganin wata 6 yana warkar da su sarai idan sun sha shi yadda aka ce. Wannan gaskiya ce, kuma ya kamata ta kwantar da hankali.

Sai dai akwai abu biyu da ke hana mu miƙe ƙafa. Na farko, Najeriya tana cikin wannan jerin, kuma yawan tarin fuka a can ya haura 200 cikin 100,000. Binciken ƙasa da suka yi a wajajen 2009 zuwa 2010 ya samu TB-MR a kashi 2.9 cikin 100 na sababbin kamu, da kashi 14.3 na waɗanda suka taɓa shan magani. Mu da Kano da Daura da Jigawa kuwa, kasuwa ɗaya muke ci, muna auratayya, almajirai da ƴan ci-rani suna kai da komo kullum. Wannan ba zargin maƙwabta ba ne, domin cutar tana tafiya ta kowane ɓangare. Ga kuma masu dawowa daga Libiya da Aljeriya da wuraren zinariya na Jado, waɗanda wasunsu suka fara magani a can suka bari a hanya.

Na biyu ya fi muhimmanci. Adadin da ke cikin rajista, adadin waɗanda aka gwada ne. Dattijon da ya rasu da tari a wani ƙauye na Dungas ko wata ruga ta Tesker ba tare da an karɓi kakinsa ba, babu shi a kowane lissafi. Saboda haka idan aka ce cutar ba ta da yawa a wuri kaza, tambayar farko ita ce: mutum nawa aka gwada a wurin?

Ta wace hanya ake samun waɗannan alƙaluma?

Tun 1994 OMS da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu suka kafa tsarin sa ido kan yadda ƙwayar ke bijire wa magani, rahoton farko ya fito a 1997. Hanya biyu ake bi.

Ta farko bincike ne na lokaci zuwa lokaci. A zaɓi wasu cibiyoyin lafiya da za su wakilci ƙasa baki ɗaya, a tattara kakin duk masu tarin da suka zo cikin wasu watanni, a gwada, sannan a ƙiyasta na sauran ƙasa. Yana da tsada, ba a iya yinsa kowace shekara, kuma kafin a sake yi abubuwa sun sauya.

Ta biyu ita ce a gwada kowane mai tarin fuka a ranar da aka gano shi, a rubuta sakamakon, a aika sama. Idan waɗanda ake gwadawa suka kai kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar da cutarsu, OMS tana ɗaukar alƙaluman a matsayin abin dogaro. Wannan hanya ta fi, domin gwajin da ya ba ƙasa lissafi shi ne kuma ya ba mara lafiya maganin da ya dace da shi. A duniya, kusan 8 cikin 10 na waɗanda aka tabbatar da tarinsu aka yi wa gwajin rifampisin a 2023.

A Nijar aikin yana hannun shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, PNLT. Ma'aikacin cibiyar gano tari da ba da magani yana cika rajista, gundumar lafiya ta tattara, jiha ta haɗa, a aika Yamai. Layin da ma'aikaciya ta rubuta da biro a Magarya shi ne a ƙarshe yake zama lambar da ake karantawa a hedikwatar OMS da ke Janiba. Idan ta bar gurbin "ya taɓa shan magani?" babu komai saboda layin jira ya yi tsawo, lissafin ƙasa ya samu giɓi daga nan.

Idan muka ji adadin ya ƙaru bana, cutar ce ta yaɗu?

Ba dole ba ne. Idan aka kawo sabuwar na'urar gwaji wata gunduma, ko aka samu mai babur da ke kwaso kaki daga ƙananan gidajen likita, adadin zai tashi saboda an gano waɗanda da suke ɓoye. Raguwar adadi ma tana iya zama alamar na'ura ta lalace ko kayan gwaji sun ƙare. Abin da masana ke kallo shi ne kashi nawa cikin waɗanda aka gwada, musamman cikin sababbin kamu da yara. Idan wannan ya hau, to ana ɗaukar ƙwayar a cikin gari.

Yaya gwajin yake?

Madubin likita yana nuna akwai ƙwayar tarin fuka a kaki, amma ba ya nuna ko tana jin magani. A da sai an shuka kakin a ɗakin gwaji an jira ƙwayar ta tsiro, ita kuma mai jinkirin girma ce, tana iya kai sati 8, sannan a ƙara wasu satuttukan ana gwada ta da magunguna. Kafin amsa ta dawo, wani ya rasu, wani ya yaɗa wa gidansa.

A watan Disamba na 2010 OMS ta amince da na'urar GeneXpert. Za a ba ka ƙaramin gwangwanin roba mai murfi. Ka kurkure baki da ruwa, ka fita fili nesa da mutane, ka ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji. Kaki ake so, mai kauri, ba yawu ba. Ka rufe murfin da kyau. Mai gwaji zai gauraya shi da wani ruwa, ya ɗiba ya zuba a wani ɗan akwatin roba da bai kai tafin hannu ba, ya saka a na'ura. Cikin awa biyu za ta faɗi abu biyu: ko akwai ƙwayar, da kuma ko tana jin rifampisin. Ba jiran tsiro take yi ba, ƙwayar halittar cutar take karantawa.

Na'urar tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi, kuma zafin watan Afrilu da ƙurar Damagaram ba sa yi mata daɗi. Ba kowane gidan likita ke da ita ba. Idan babu ita kusa da kai, ka roƙa a aika kakinka inda take, wannan haƙƙinka ne.

Su wa ya fi kamata a yi wa wannan gwaji?

Manufar ita ce kowane mai tarin fuka. Amma akwai waɗanda bai kamata a jinkirta nasu ba ko da kwana ɗaya: wanda ya taɓa shan maganin tari ya dawo masa, wanda ya yanke magani, wanda aka duba kakinsa a wata na 2 ko na 5 aka ga ƙwayar tana nan, wanda ke zaune da mai TB-MR, mai ɗauke da ƙwayar sida, ma'aikacin lafiya, da wanda ya fito daga gidan kaso.

A nan ne maganar mara lafiya take da nauyi. Ma'aikaciya za ta tambaya, "Baba, ka taɓa shan maganin tari na wata shida, mai sa fitsari ja?" Sau da yawa amsar ita ce, "A'a, ƴata, ban taɓa ba." Sai ɗansa da ya rako shi ya ce, "Baba, wanda aka ba ka a Kano shekarun baya fa, da ka sha wata uku ka ce ka warke?" Wannan tunin na ɗan yana iya sauya komai: wane gwaji za a yi, wane magani za a bayar. Mai rakiya ya yi magana, kuma a zo da tsohon kati ko kwalin magani idan yana nan.

Na'urar tana iya yin kuskure?

Tana iya, ko da yake ba kasafai ba. Idan mutum bai taɓa shan magani ba kuma ba ya cikin masu haɗari, amma na'ura ta ce ƙwayarsa ba ta jin rifampisin, akan maimaita gwajin da sabon kaki. A ƙasar Eswatini kuma an gano wani nau'in ƙwayar da ba ya jin rifampisin amma na'urar ba ta ganinsa. Shi ya sa ba a watsar da shuka kaki ba. Ana aika samfur babban ɗakin gwaji na ƙasa a Yamai, kuma Nijar ta daɗe tana aiki da cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Anvers a Beljiyam don tabbatar da sakamako da gwada magungunan mataki na biyu, wato waɗanda ake komawa gare su idan na farko sun gaza. Darasin ga mara lafiya: idan takarda ta ce magani yana kama ƙwayarka amma bayan wata biyu kana ƙara ramewa, ka koma ka faɗa.

Ana warkewa kuwa?

Ƙwarai, kuma a wannan fanni Nijar tana da abin nunawa. A da maganin yana kai wata 20 zuwa 24, da allura kullum na tsawon watanni, kuma kusan rabi kaɗai ke warkewa. Ƙungiyar Damien ta Beljiyam ta gwada gajeren tsari na wata 9 a Bangaladash, ya yi aiki. Tun 2008 Nijar ta fara amfani da gajeren tsari tare da tallafin wannan ƙungiya, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka. Sakamakon marasa lafiya 65 na farko da aka wallafa a 2014 ya nuna kusan 9 cikin 10 sun warke. Daga baya Nijar ta shiga binciken ƙasashe 9 na Afirka, tare da irin su Benin, Burkina Faso da Kamaru, inda fiye da 8 cikin 10 na mutum sama da 1,000 suka samu lafiya. Wannan na cikin hujjojin da suka sa OMS ta amince da gajeren tsarin a 2016. Zinder tana cikin biranen da ake ba da wannan magani, kamar Yamai da Maradi, ba sai an kwashi mara lafiya an yi tafiyar kilomita 900 da shi ba.

A duniya, kashi 68 cikin 100 na masu wannan tari da suka fara magani a 2021 sun warke. Wanda ya zo da wuri, kafin huhu ya lalace jiki ya ƙare, shi ya fi samun sa'a.

Har yanzu ana yin allurar da ke toshe kunne?

Tsoron yana da tushe, domin allurar kanamisin ta kurmantar da mutane, kuma OMS ta daina ba da shawarar amfani da ita tun 2018. Yanzu duniya ta koma ga magungunan sha. Bedakilin, da aka amince da shi a 2012, shi ne sabon maganin tarin fuka na farko cikin shekara 40. A Disamba 2022 OMS ta ba da shawarar tsarin wata 6 mai magani huɗu: bedakilin, pretomanid, linezolid da moksifloksasin. Tsarin da za a ba mutum ya danganta da sakamakon gwajinsa, shekarunsa, ko mace tana da ciki, da abin da shirin ƙasa ya tanada.

Su ma suna da nasu wahalar. Linezolid na iya rage jini ko kawo jin tsira-tsira da mutuwar ƙafa, ko dushewar gani. Klofazimin, wanda ke cikin wasu tsare-tsaren maganin, yana sa fata ta yi duhu, amma tana washewa bayan an gama. Wasu suna taɓa bugun zuciya, shi ya sa ake auna ta. Duk abin da ka ji, ka faɗa wa likita da wuri, kada ka rage maganin da kanka. Za a riƙa karɓar kakinka kowane wata, kuma bayan an sallame ka za a so ka dawo a duba.

Tunda akwai sababbin magunguna, me ya sa ake ta maganar sa ido?

Domin abin da ya samu rifampisin yana iya samun su. An riga an ga ƙwayar da ba ta jin bedakilin a kudancin Afirka. Idan ƙwaya ta wuce TB-MR ta daina jin dangin moksifloksasin, sannan ta ƙara da bedakilin ko linezolid, an shiga matakin da magani ya yi ƙaranci ƙwarai. Tsakanin 2005 da 2006, a garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, cikin mutum 53 da aka samu da tari mai tsananin bijirewa, 52 sun rasu, yawancinsu cikin ƴan satuttuka. Babu wanda ya san ƙwayar tana yawo a wurin sai da aka gwada.

Nawa ne kuɗin magani?

Maganin tarin fuka, na wata 6 da na TB-MR, kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa, da tallafin Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke cin iyali shi ne kuɗin mota, abinci, da aikin da aka rasa. Ka tambayi cibiyar wane taimako ke akwai. Kada ka sayi maganin tarin fuka a farmasi ko kasuwa ba tare da gwaji ba.

Sai mun ware masa kwano da kofi?

A'a. Ta iska ake ɗauka, ba ta kwano ko gaisuwa ba. A buɗe taga da ƙofa, ya yawaita zama a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, ya rufe baki idan zai yi tari, ya kwana shi kaɗai a satuttukan farko idan da hali, kada jarirai su kwana kusa da shi. Da zarar maganin da ya dace ya fara aiki, haɗarin yaɗawa yana raguwa sosai. A kai duk ƴan gidan a duba su, musamman yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma a gaya wa mai duban cewa a gidan akwai mai TB-MR, domin kada a ɗora su a kan maganin da ba zai yi musu aiki ba.

Ina kan magani, ga lokacin ci-rani ya zo. Yaya zan yi?

Abin da ya fi shi ne ka ɗaga tafiyar har ka gama. Idan ba yadda za a yi, ka je wurin mai ba ka magani tun sati biyu kafin ranar, ka faɗa masa garin da za ka. Zai iya rubuta maka takardar canjin wuri zuwa wata cibiya a cikin ƙasa, kamar Agadas ko Yamai. Idan Najeriya ce, can ma maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma sai ka je da katinka da takardar sakamakon gwaji, don su san magungunan da kake sha da watan da ka kai. Ka ɗauki hoton takardun biyu a wayarka, ka bar wa cibiyar lambar wani ɗan'uwanka da ba ya tafiya, kuma idan ka isa ka kira ka sanar da su cewa an karɓe ka.